Kasuwanci nake so, amma kwalejin ta haɗa ni da tarihi da falsafa

Sabon_Ɗalibi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sani a taimaka min da shawara. Na samu gurbin karatu a wata ƙaramar kwaleji a Amurka, irin waɗanda suke kira libaral ats, wato masu koyar da fannonin ilimi na gama-gari, ɗalibanta duka ba su kai dubu biyu ba. Ni harkar kasuwanci da gudanarwa nake so, amma da na duba tsarin sai na ga shekarar farko tarihi ne da falsafa da rubutu da kimiyya da wani yaren waje, wai sai ƙarshen shekara ta biyu zan zaɓi fannin da zan ƙware. Cikin kwas 32 na digirin kamar 11 ne kawai na kasuwanci. Baba ya riƙe takardar ya daɗe yana dubawa, can ya ce to ina kasuwancin yake? Wallahi na rasa amsa. Ɓata lokaci ne ko akwai hikima a ciki?

Yaya_Babba:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya albarka. Irin ta na yi kuma irin damuwarka na shiga da ita. Ajin falsafarmu mu 14 ne a zagaye da tebur ɗaya, babu wurin ɓuya, dole ka karanta ka zo ka kare ra'ayinka, malamar kuma ta dawo maka da takardarka duk jan biro, a gefe ta rubuta ina hujjarka. Na ji haushi sosai a lokacin. Da na fara aiki, abu na farko da shugabana ya sa ni shi ne in rubuta shafi biyu kan ko mu buɗe sabon reshe ko kar mu buɗe, alƙaluman kowa yana da su a kwamfuta, wanda zai tsara su ya gamsar da mutum biyar masu ra'ayi daban-daban shi ne babu. Ranar na gode wa jan biron nan.

Akanta_ne:
Ban ƙi maganar Yaya ba amma a yi hattara, ba duka suka zama ɗaya ba. Kwalejojin Williams da Amherst fitattu ne amma ba su da digirin kasuwanci, tattalin arziki suke koyarwa, kuma tattalin arziki daban kasuwanci daban. Za ka iya gamawa ka san yadda farashi ke hawa da sauka amma a ajiye maka littafin shiga da fita na kamfani ka kasa karantawa. Richmond da Bucknell da Washington and Lee su suna da makarantar kasuwanci a ciki. Ka duba taka, akwai kwas ɗin akanta, wato lissafin kuɗin kamfani, mataki biyu? akwai sarrafa kuɗi da ƙididdiga? Idan takardar CPA kake hari, wato lasisin ƙwararren akanta a Amurka, jihohi da yawa kiredit 150 (ma'aunin yawan kwasa-kwasan da ɗalibi ya yi) suka saba nema alhali digiri yawanci 120 ne, wasu sun fara sassautawa, ka bincika tun yanzu. Kuma hutun bazara kar ka kwanta, ka nemi aikin sanin makama.

Malamin_Jami'a:
Ɗana, wannan gardama ta girme mu duka. Tun 1881 aka kafa makarantar kasuwanci ta Wharton, amma a 1959 gidauniyoyin Ford da Carnegie suka fitar da rahotanni biyu da suka soki makarantun kasuwanci na Amurka, cewa sun koma koyar da dabarun ofis zalla, suka ba da shawarar a ƙara lissafi da ilimin zamantakewa da sauran ilimi na gama-gari. Ka gaya wa Baba a natse cewa gudanarwa sha'ani ne da mutane, sannan masu ɗaukar ɗaliban MBA, wato digiri na biyu a gudanar da kasuwanci, ba sa sharɗanta digirin farko na kasuwanci.

Sabon_Ɗalibi:
Na gode ƙwarai Yaya, na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Na koma na duba, akanta mataki biyu akwai, ƙididdiga ma akwai, sarrafa kuɗi ne kwas ɗaya tak. Gobe zan tura musu imel in ji ko ana barin ɗalibi ya ɗauki ƙari a wata jami'a da ke kusa, in na ji amsa sai in zauna da Baba.