"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi": har da harshe?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun ranar Laraba. Shekarata 44, wata uku ke nan da na shiga ajin Larabci na dare, don na gaji da karanta Alƙur'ani ina jiran wani ya fassara mini. Yayana ya tarar da ni ina maimaita jam'in kalmomi, ya tsaya a kaina ya ce, "Kai dai kana wahalar da kanka, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Na ce Yaya, ai gemu ba ya hana ilimi. Ya ce ilimi daban harshe daban, wai harshe tsoka ce, in ta sandare ta sandare. Muka yi ta yi sai da matarsa ta shiga tsakani. Ranar Juma'a kuma sai ga liman ya kawo karin maganar nan a huɗuba, kan tarbiyyar yara. Yaya na sahun gabana, ya waiwayo ya dube ni. Wallahi abin ya sosa mini rai. Shin maganar nan ta shafi babba mai koyon yaren da ba nasa ba?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Yayanka ya ɗauko maganar daga inda aka ajiye ta. Iyaye ake yi wa ita, don kada su yi sake da ɗa. Ba a yi ta don a je a samu busasshen icce a ce masa ya haƙura ba.

Malamin Aji:
Hajiya, kada dai mu danne wa Yaya gaskiyarsa. Shekara 19 ina koyar da harshe, yara da manya. Kunnen jariri yana rarrabe sautukan kowane yare, amma kafin ya cika shekara ɗaya ya fara toshewa ga abin da ba ya ji a gida. Shi ya sa baƙo yake shan wuya kafin ya raba kafa da ƙafa, mu kuma p da f suke kayar da mu. A 2018 wasu masana a Amurka, Hartshorne da Tenenbaum da Pinker, sun gwada nahawun Ingilishi na mutum kusan 670,000 ta intanet. Suka ga ƙarfin kama nahawu yana nan daram har wajen shekara 17, daga nan ya fara sauka, kuma wanda yake so a kasa bambanta shi da ɗan gida sai ya fara kafin shekara 10 ko kusa da haka. To ka ga akwai ɗanyen icce a maganar. Amma a 1978 an bi sawun masu jin Ingilishi da suka koma Holan da zama, sai aka tarar a watannin farko manya da matasa sun fi ƙananan yara saurin kama yaren, daga baya ne yaran suka kamo su. Lafazi ne babba yake rasawa. Ma'ana kuwa yana kama ta da hannu biyu.

Kafinta:
Ku bar ni in yi magana a kan icce, tunda shi nake ci da shi. Busasshe yana tanƙwaruwa. Ana jiƙa shi ko a turara shi da tururin ruwan zafi, a ɗaure a jikin ma'auni, a bar shi ya kwana biyu. Masu ƙera jirgin ruwa da kujeru haka suke yi. Abin da ba ya so shi ne a fizge shi lokaci guda, nan ne yake karyewa. Sannan ni ban taɓa yin ƙofa da ɗanyen katako ba, don in ya bushe murɗewa yake yi.

Almajirin Zaure:
Zaidu bin Sabit fa? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya koyi rubutun Yahudawa, cikin kusan rabin wata ya iya, ya zama shi ke karanta masa wasiƙunsu. Ga Sibawaihi, Bafarishe ne, a Basra ya yi kuskuren i'irabi gaban Hammadu bin Salama, aka gyara masa cikin mutane, ya tashi ya lizimci Khalilu bin Ahmad. Yau Balarabe ma sai ya bi ta hannunsa ya san nahawun yarensa.

Malamin Aji:
Allah ya gafarta malam, Zaidu shekararsa 11 lokacin hijira. Hujjar nan ta Yaya ce ka kawo masa har gida.

Almajirin Zaure:
Na karɓa. Amma ta Sibawaihi tana nan, don ba shekaru nake nufi ba. An kunyata shi, bai gudu ba.

Jikar Inna:
Tun ɗazu nake karantawa, maganar kunyar nan ce ta sa zan sa baki. Kakata, Allah ya jiƙanta, tana da shekara 67 kawuna ya ɗauke ta zuwa Faransa don a duba lafiyarta. Ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta ba ta rubutawa da boko. Aka ce wata biyu za ta yi, ta yi shekara huɗu. Ranar farko a asibiti likita yana tambaya, kawu yana fassarawa. Da aka zo kan abin da ya kawo ta, ciwo ne na mata, sai ta yi shiru ta sunkuyar da kai. Ɗanta na fari ne, wanda ko sunansa ba ta faɗa, ta yaya za ta gaya masa wannan ya maimaita wa wani namiji? Suka dawo gida ba a yi komai ba. Kawu ya yi ta faɗa, ita ko uffan.

Daren nan ta kira jikanta, ɗan shekara 6 wanda ba ya jin Hausa sai "zo" da "bari". Ta nuna cikinta da yatsa, ta ɗaga masa gira. Yaron ya faɗi sunan. Ta nuna baya, ya faɗa. Daga ranar ta kafa ƙa'ida: kalma ɗaya bayan kowace salla, biyar a yini. In ta idar sai ta ƙulla bakin mayafinta, ƙulli ɗaya kalma ɗaya, da dare ta bi su tana kwancewa tana faɗa. Wanda ta manta ba ta kwance shi, da shi take kwana. Matar kawu ta ce akwai lokacin da mayafin ya koma kamar carbi. Yaron yana ƙyalƙyala dariya in ta karkace baki za ta faɗi wasalin nan nasu da ake turo leɓe, ita ma ta taya shi, ta ce sake faɗa mini, mai gida.

Bayan wata biyar ta ce a mayar da ita asibiti, a nema mata likita mace, kuma kawu ya tsaya a waje. Ta shiga ita kaɗai. "Je mal isi," wato nan ke mini ciwo, ta nuna wurin, sauran ta haɗa da hannu da 'yan kalmominta na mayafi. Aka gano ciwon, aka yi aiki. Har ta rasu ba ta iya jera zance mai tsawo ba, kuma duk wanda ya ji ta ya san baƙuwa ce. Amma ita ke zuwa karɓo maganinta, tana gaisawa da tsohuwar da ke ƙofar kusa da su, har sukan zauna a benci su yi ta hira, Allah kaɗai ya san da wane yare.

Uwar Biyu:
Allahu akbar. Kin sa ni hawaye. Allah ya kai haske kabarinta. Kuma ku lura, masu cewa gemu ba ya hana ilimi, Inna ba ta da gemu. A nemo mana tamu karin maganar.

Tsohon Direba:
Amin. Ni shekara 26 ina tsallaka iyakoki da babbar mota, yare huɗu nake ciniki da su, ban koyi ko ɗaya ina yaro ba. Ranar da motarka ta mutu a dajin da ba mai jin ka, a ranar kake sanin sunan kowane ƙarfe. Masu kasawa a aji ba su matsu ba ne.

Ɗan Adawa:
Direba ka faɗi gaskiya, matsuwa ce. Ku dubi wani mai girma da ba zan kama suna ba. In zaɓe ya ƙarato, cikin sati ɗaya yake koyon gaisuwa da yare bakwai, har da karin magana. Ana rantsar da shi Hausar ma sai ta gudu, a kira shi a waya ya ce bai gane ba.

Kafinta:
Ai wannan ɗanyen icce ne, duk inda iska ta kaɗa nan yake tanƙwaruwa. Jam'iyya uku cikin shekara huɗu.

Ɗan Adawa:
Akwai wanda ya je taro ƙasar waje, aka ba shi abin sawa a kunne na tafinta, ya ajiye a tebur don kada a ce bai iya ba. Awa biyu yana gyaɗa kai. Da mu ya gyaɗa, don bashi aka sa hannu a kai.

Mai Neman Sani:
Jama'a don Allah a dawo kan icce.

Malamin Aji:
To bari in ba ka lissafi ka kai wa Yaya. Makarantar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna, ɗalibanta duk manya ne. Ta taɓa ƙiyasta cewa mai jin Ingilishi yana buƙatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya yi aiki da Faransanci, Hausa awa 1,100, Larabci awa 2,200. Kai in kana yin awa 4 a sati, wata ukun nan ko awa 60 ba ka cika ba. Yaro kuwa tun asuba har ya yi barci a cikin yaren yake iyo, ba haya a kansa, ba kuɗin makaranta. Sau da yawa abin da muke kira tsufa ƙarancin awoyi ne. Sai dai mu muna da rangwame, Hausa cike take da kalmomin Larabci, ba daga sifili ka fara ba.

Almajirin Zaure:
Rangwamen nan yana da tarko, malam. Ka ce wa Balarabe "wahala" ko "fitila" da irin lafazinmu ka ga yadda zai dube ka.

Tsohon Direba:
Ya dube ka mana. Barth Bajamushe mai yawon bincike yana da shekara 29 ya taso daga Tarabulus ya keto Sahara a 1850, ya kira kansa Abdulkarim, ya koyi Hausa da Barbarci a kan hanya. Kuna tsammanin ba a yi masa dariya ba?

Uwar Biyu:
Jikar Inna, yaron fa? Ya iya Hausar?

Jikar Inna:
Ya iya, Hajiya, fiye da Faransancin da ita ta samu nesa ba kusa ba. Yanzu ya girma, in yana magana sai ka rantse tsohuwa ce, har da "wo ni 'yasu".

Malamin Aji:
To kun gani. Gida ɗaya, shekara huɗu ɗaya, ɗanyen ya fi tanƙwaruwa.

Kafinta:
Shi wa ya aike shi asibiti shi kaɗai? Ba nauyi ɗaya aka ɗora musu ba.

Mai Neman Sani:
Na tura wa Yaya labarin Inna. Ya karanta, ya rubuto "Allah ya jiƙanta", bai ƙara komai ba. Malamin Aji, jam'in da ake karya kalmar nan, kitabun kutubun, rajulun rijalun, akwai ƙa'idar da zan riƙe ko haddace su ake yi ɗaya bayan ɗaya? Gobe da dare za a tambaye mu guda 20.