'Yan gwarin Mile 12 sun ƙi cike min takardar tambayoyi, ya zan yi?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a fannin kasuwanci a wata jami'a nan Legas, kundina kuwa a kan yadda bashi ke gudana ne tsakanin masu kawo tumatir daga Arewa da dillalan kasuwar kayan gwari ta Mile 12 da ke Ketu. Malamin da ke duba aikina ya ce sai na samo mutum 384 da za su cike min takardar tambayoyi. Na buga takarda 400, na yi sati uku ina zirga-zirga tsakanin Agege da Ketu. Guda 31 kacal suka dawo hannuna, rabinsu ma an bar gurbin "ribar wata" fayau. Wani dattijo ya karɓa da fara'a, ya ninke, ya tura ƙarƙashin kwando, ya ci gaba da cinikinsa. Na zaci kasancewata Bahaushe zai wadatar. A ina na kuskure?

Baba Mai Albasa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka shigo kasuwa da biro da tarin takardu kana tambayar mutum ribarsa, wa zai ɗauke ka in ba ɗan haraji ba? Fara da shugabannin ƙungiya, su haɗa ka da yaron da zai zaga da kai. Kuma kada ka zo da sassafe ana sauke mota, a lokacin ko ɗan cikinsa mutum ba ya saurara. Bari sai bayan azahar.

Tambayar taka ma ba ta kasuwarmu ba ce. Ɗan gwari ba ya lissafi da wata, da mota yake yi. Kaya sun taso daga Kano ko Zariya, dillali ya sayar, ya cire la'adarsa da kuɗin mota da na masu sauke kaya, ya tura wa mai kaya ragowar. In mota ta kwana a hanya tumatir ya lalace, asarar wa? Nan maganar take. Tambaye su yadda suka kwashe a 2016 da tsutsa ta cinye gonakin tumatir, ko farkon 2023 da takardun kuɗi suka yi wuya, za ka ji labari har ka gaji.

Malama a Yaba:
Abin da Baba ya faɗa shi ne. Wannan 384 ɗin lissafi ne da ke aiki in za ka zaɓi mutane ta hanyar ƙuri'a daga cikakken jerin sunaye. Kana da jerin dillalan Mile 12? In babu, ko 384 ɗin ka cika, adadin ado ne kawai.

Nemi littafin da masanin rayuwar al'umma Abner Cohen ya wallafa a 1969 a kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan. Fataucin shanu da goro ya nazarta, ya nuna yadda maigida ke tsaya wa baƙon fatake, ya lamunci mahautan da ke ɗaukar shanu bashi ba tare da rubutu ba. Zama ya yi cikin unguwar yana gani yana ji. Je wurin malaminka, ka nemi ya yarda ka koma hira mai zurfi da mutum kamar talatin, ka bi 'yan motoci kaɗan tun daga sauke kaya har biyan kuɗi. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka zauna a ɗaki ka cike takardun da kanka. Mun san ana yi, kuma ranar kare kundi tambaya biyu ke tona mutum.

'Yar Idi-Araba:
Yaya, ni a kan adashin mata na yi nawa. Kalmar "bashi" ce ta riƙa kore min mutane, sai na koma cewa "kayan da ake ba ki ki biya in kin sayar". Kar ka manta da matan Yarbawa masu sari, su ne ke ɗaukar kwandunan a biya daga baya. In za ka naɗi murya, nemi izini tukuna, ka kuma faɗa musu ba za ka sa suna ba.

Ɗan Agege:
Allah Ya saka da alheri. Gobe zan ga malamina. Baba, in ya amince, ranar Laraba bayan azahar zan neme ka wajen masu albasa, ba tare da takardu ba.