Mai Takalmi da Baduku: Musayar Waƙa

Malam Na-Gwale:
Masu falsafar "a gwada a gani" sun ce dimokuraɗiyya ta cancanta ne don shawararta ta fi inganci. Na ɗora, amsa-amo "wa".

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba bayi fahimta da baiwa.

Walter Lippmann na Amurka ya ce
Jama'a ba sa iya tantancewa.

A bar ƙwararru su riƙe ragama,
Mu namu kallo da tafawa.

A 1927 John Dewey, mai falsafar "a gwada a gani", ya ce masa,
Mai takalmi ya san wurin matsawa.

Baduku ya fi shi sanin ɗinki,
Sai dai ƙafar wani ke kumburawa.

Ɗan Agalawa:
Allah gafarta Malam, ina da ja.

Taro ne ya zauna a Atina,
Aka ba Socrates guba, Girkawa.

Condorcet, masanin lissafi na Faransa, ya lissafa a 1785,
Taro kan fi mutum ɗaya dacewa,

In kowanne ya fi kusa da daidai.
In ko ba haka ba, yawa ke ɓatarwa.

To wa ya auna kan masu zaɓe,
Da za ka ce sun haye aunawa?

Inna Ta-Sabon-Gari:
Ɗana, matso kusa.

Masanin tattalin arziki Amartya Sen na yaro a Bengal ta Indiya,
A 1943 ya ga yunwa.

Tun da Indiya ta sami 'yanci a 1947,
Irin wannan ba ta sake aukuwa.

Akwai jarida, akwai 'yan adawa,
Mai mulki na tsoron faɗuwa.

Sin kuwa, daga 1959 zuwa 1961,
Miliyoyi suka tafi kushewa.

Jami'ai na ƙara adadin hatsi a takarda,
Ba mai bakin da zai yi musawa.

Taro kan yi kure, ban musa ba,
Amma yana da ƙofar gyarawa.

Ɗan Agalawa:
Inna, Sen ɗin da kansa ya yarda
Tamowa ba ta bar Indiyawa.

Ga kuma ƙashin da ya tsaya min:
In sakamako ne abin dubawa,

Ran da sarki ya fi taro dabara,
Ƙuri'arki za ki yi miƙawa?

Malam Na-Gwale:
Wa zai shaida sarki ya dace,
In an rufe bakin talakawa?

Gwajin da mai ciwo bai yi magana ba,
Baduku ne ke yabon kansa, ɗan'uwa.

Inna Ta-Sabon-Gari:
Malam, ni kam ko zan yi kuskure,
Ƙuri'a tawa ce, ba ta sayarwa.

Ɗan Agalawa:
Kun ga Inna ta bar layin Dewey, ta koma maganar haƙƙi. Na karɓi rabin Malam. Sauran rabin sai bayan La'asar, wayata ta kusa mutuwa.