Ilektirod: sanda ce ko ƙofa?

Jama'a, ku taya ni. Ina fassara bayani kan na'urar da ke gano yoyon iskar haidurojin, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: ilektirod.

Bari in fara nuna muku abin. Haidurojin ba ta da launi, ba ta da wari, amma da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ta kama. A cikin na'urar akwai wani siririn tantanin roba, irin Nafion da kamfanin DuPont ya ƙirƙira, an shafe fuskokinsa biyu da garin filatinam, wani ƙarfe mai daraja. Haidurojin na taɓa fuskar farko, filatinam zai raba ta zuwa ƙananan ƙwayoyi iri biyu masu ɗauke da cajin lantarki: furoton su ratsa tantanin, ilektiron kuma su zagaya ta waya. Yawan lantarkin da ke bin wayar shi ke faɗin yawan iskar. To, fuskokin nan biyu nake nema wa suna.

Wani ɗan'uwa ya ce "sandar lantarki". Malam, na gode, amma ina sandar take? A walda ta zauna daram. Nan kuwa shafe ne da bai kai kaurin takarda ba.

Wata malama ta kawo "mashigar lantarki". Ta fi daɗin kunne, har na kusa ɗauka. Sai na tuna ta ɗaya ake shiga, ta ɗayar ake fita, mashiga kuwa ba ta san fita ba.

Na koma asali. Michael Faraday ne ya fito da kalmar a 1834, daga Girkanci, kuma rabinta na ƙarshe "hanya" yake nufi. Shi ma gudun kalmar Turanci "pole", mai nuna turke, ya yi. Don haka na tsaya kan "ƙofar lantarki". Ƙofa ba ruwanta da siffa, ta ƙarfe ce ko shafe, kuma ana shiga ana fita.

Filatinam a bar shi yadda yake. Kada a ce farin zinare, wannan wani haɗi ne daban.

Saura ilektirolait, wato tantanin nan da furoton ke ratsawa. Bakinmu ya saba da "ruwan batir", ga shi wannan daskararre ne, ko da yake in ya rasa laima furoton ba sa wucewa sosai. Na rubuta "tantanin ratse" da fensir. Wa ke da wadda ta fi?