Me za mu kira "DNS forwarder" da Hausa?

Jama'a, ga wata kalma da ta tsaya mini a maƙogwaro tun makon jiya. Ina haɗa wa wani shagon buga takardu a Titin Bauchi nan Jos 'yar ƙaramar saba (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima), tsohuwar kwamfuta ce na ɗora mata dnsmasq, wata manhaja da ke aikin DNS forwarder, sai yaron da ke koyon aiki a wurina ya ce, "Oga, wai shi forwarder ɗin nan mene ne aikinsa?" Na buɗe baki, Turanci ya yi ta zuba. Yana ta gyaɗa kai, amma daga ganin idonsa na san ban kai shi ko'ina ba.

Ga aikin nasa. Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. In ka rubuta sunan shafi sai an nemo mata lambarsa, kuma tsarin DNS da Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a 1983 ne ke yin wannan. Akwai sabar da ke bin diddigi da ƙafarta: ta fara daga sabobin tushe, su nuna mata masu riƙe da ƙarshen sunan, kamar .ng na Najeriya, su kuma su nuna mata mai sunan. Shi forwarder ɗin namu ba ya shan wannan wahala. Ya karɓi tambaya, ya kai wa na gaba da shi, kamar 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare, ya dawo da amsa.

Na tambayi abokan sana'a. Wani ya ce tafinta. Ta yi daɗi, sai dai DNS ɗin gaba ɗaya ta fi dacewa da shi, tunda shi ke mai da suna lamba. Wani ya ce dillali, na ce a'a, dillali da la'ada aka san shi. Aka ce "mai turawa". Wannan bin Turanci ne sawu da ƙafa, kuma turawa tafiya ce ba dawowa. Balle a rubuce wani ya ɗauka mai Turawa ake nufi.

Ni dai ɗan aike na zaɓa. Ɗan aike ba shi ke da amsa ba, amma ya san gidan da zai je, kuma ana jiran dawowarsa. Abin da ya ƙara kwanta mini shi ne, da na faɗa wa yaron nan haka, sauran saitin shi ya riƙa kawo shi da kansa.

Na ce in ka aiki yaro shago ɗaya ya tarar an rufe fa? Ya ce a faɗa masa shago na biyu. Muka rubuta layin server= guda biyu a saitin dnsmasq, kamfanoni daban-daban, muka ƙara no-resolv don kada ya saurari wani ban da su. Na ce in an aike shi tambaya ɗaya sau goma? Ya ce ai ya riƙe amsar a ka. Ajiyar ke nan: dnsmasq suna 150 yake riƙewa in ba ka taɓa shi ba, mun ɗaga zuwa 1000, kuma kowace amsa tana zuwa da wa'adinta na daƙiƙoƙi, in ya cika a sake aike.

Ni ma na yi kwaɓa a ranar. Na nuna wa saba rauta (na'urar da ke raba intanet a shagon) a matsayin inda za ta kai tambaya, ita kuma rauta na riga na nuna mata saba, tambaya ta yi ta zagaye tsakaninsu. Aika bawa garinsu ke nan! Ga sanyin Jos, ga ɗalibai sun yi layi za su buga takarda. Kafin wannan ma sai da muka yi fama da ƙofa ta 53, wadda tambayoyin DNS ke shiga ta cikinta, don a Ubuntu, tsarin da ke kan sabar, wata manhajar DNS mai suna systemd-resolved ta riga ta zauna a kanta ta 127.0.0.53. Ƙofar nan a buɗe ta ga UDP da TCP duka, hanyoyi biyu da saƙo ke bi, amma ga 'yan gida kawai, kada ɗan aikenka ya zama na duk unguwa.

Wata 'yar'uwa daga Abuja ta ja ni da cewa proxy, sabar da ke shiga intanet a madadinka, ma ai ɗan aike ne. Gaskiyarta. To a bar wa wancan "wakili", wannan mu ce masa ɗan aiken suna, jam'i 'yan aiken suna.

Saura upstream, wato sabar da ɗan aiken ke kai wa tambaya. Ina cewa "na gaba", amma ba ta gamsar da ni ba. Jiya da intanet ɗin shagon ya tsaya, yaron ya kira ni ya ce, "Oga, ɗan aike lafiyarsa lau, gidan tambaya ne ba kowa." Ku me kuka gani, "gidan tambaya" ta zauna?