Hattara da Fassarar Alƙaluman Gwajin Taki

Malaman gona da suka tattauna a Kadawa bayan girbin shinkafa sun fi jan kunne kan ma'aunin p, wato adadin da ke nuna yiwuwar a ga bambanci irin wanda aka gani a gwaji, ko fiye da shi, ko da a zahiri sabon taki da tsohon ba su da bambanci. Idan ya gaza 0.05, iyakar da aka saba ɗauka a matsayin alamar bambanci na gaske, in ji su, kada a yi gaggawar cewa sabon taki ya fi tsohon, domin iyakar nan da masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya yayata a 1925 al'ada ce kawai, kuma ma'aunin ba ya faɗin buhu nawa aka ƙaru. Wani dattijo ya ce, kuma da gaskiyarsa, mai gwada taki iri ashirin yana iya dacewa da ɗaya da zai nuna kamar ya fi tsohon bisa katari kawai. Idan fulotan gwaji kaɗan ne, rashin ganin bambanci ba ya nufin babu shi, sai a maimaita rani da damina.