Neman kalma: me za mu kira "cash flow" a manhajar 'yan kasuwa?

Maifassara: Assalamu alaikum jama'a. Ina fassara wata manhajar waya ta ajiye lissafin ƙananan 'yan kasuwa, kuma ranar Litinin za a rufe karɓar gyara. Sauran shafukan duk sun zauna: ciniki, riba, asara, bashi, haja. Wanda ya ƙi shi ne shafin da Turancinsa "cash flow". Wuri biyu kalmar za ta fito: kan shafi, inda akwai fili, da maɓallin ƙasa, wanda ba ya ɗaukar fiye da harafi 16 har da tazara. Na sa "kuɗin shiga" na wucin gadi. A taimaka.

Akanta: Wa alaikumus salam, Malama. Ki cire kuɗin shiga tun yanzu, zai ɓatar da mutane. Ga misali. Mai shago ya shiga wata da ₦550,000 a hannu. Ya saro kaya na ₦500,000 lakadan, ya kashe ₦30,000 a kuɗin mota da 'yan dako. Ya sayar da kayan kaf a ₦600,000, amma ₦350,000 kawai aka biya shi, ₦250,000 bashi ne a hannun mutane. A takarda ya ci ribar ₦70,000. A aljihu kuwa, ₦370,000 ya rage masa, wato kuɗinsa sun ragu da ₦180,000, ba zai iya sake yin sari irin na farko ba. Shafin riba zai nuna ₦70,000, shafin da kike tambaya a kai shi ne zai nuna masa raguwar ₦180,000. Sannan idan gobe ya karɓo rancen ₦200,000, kuɗi sun shigo, shafin nan zai ƙirga su, alhali ba ciniki ba ne, ba riba ba ce. Kalmar dole ta ɗauki shigowa da fita duka biyun, kuma na kuɗin da suka motsa da gaske.

'Yar Kwari: Kwararar kuɗi. Harafi 13, ya shiga maɓalli.

Akanta: Hajiya, kwarara gefe ɗaya take yi, kuma da yawa. Idan aka ce kuɗi suna kwarara, kowa zai ji ana samu ne. Watan da mai shago ya yi giɓi fa, ya buɗe maɓallin kwarara ya tarar babu?

Ɗan Maraɗi: Shige da ficen kuɗi, ko kai-komon kuɗi.

Maifassara: Shige da fice ya yi mini, sai dai kunne ya riga ya ba hukumar fasfo wannan suna, kuma harafi 19 ne. Kai-komo kuma kamar kuɗin nan guda ne ke zuwa suna dawowa.

Malam Nahawu: Duk waɗannan bayani ne, ba suna ba. Harshen da yake son ya tsaya da ƙafarsa a fagen ilimi yana ƙera kalma guda, ba ya jera jimla a inda wasu suka sa kalma. Ina ba da shawarar "magudanar kuɗi". Tushen gudana ne, ginin kuma na Hausa ne tsantsa, irin na makaranta da ma'aikata. Harafi 14. Idan aka sa shi a manhaja, cikin shekara guda zai bi baki.

Akanta: Allah ya gafarta Malam, ginin daidai ne, amma shi wannan ma- ɗin wuri yake haifarwa. Magudana ita ce hanyar da abu ke bi. Magudanar kuɗin mai shago su ne aljihun tebur, asusun banki da na'urar POS. Mu kuma adadin da ya bi ta cikinsu muke nema, daga ranar kaza zuwa ranar kaza.

'Yar Kwari: Kuma Malam, a kasuwa in ka ce magudana, kwata za a ji. Ba mai son a ce kuɗinsa sun bi magudana.

Malam Nahawu: Hajiya, da kasuwa ce ke yanke hukunci, da yau ba mu da manhaja ba mu da na'ura, sai "af" da "mashin". Wasu ne suka dage har kalmomin suka zauna. To a cire ma-, a ce "gudanar kuɗi".

Maifassara: Malam, wannan zai yi karo da "gudanar da kuɗi". Akwai wani shafi a manhajar mai suna gudanar da asusu, mai karatu da sauri zai ɗauka abu ɗaya ne.

Injiniya: Ni dai in faɗi abin da ba a so. Masu amfani da irin wannan manhaja sun riga sun saba da taransfa, alat, balans. Me zai hana a rubuta "kashfulo" a huta?

Malam Nahawu: Subhanallah. Wannan shi ne ciwon. Duk wanda ya gaji da tunani sai ya ɗauko Turanci ya sa masa hula. Larabci ya ba mu riba da asara da lissafi, amma sai da suka yi ɗaruruwan shekaru a bakin malamai da fatake kafin su zama namu. Kashfulo wa ya taɓa jin ta?

Ɗan Maraɗi: A nan ina tare da Malam, amma dalilina daban. Taransfa da alat naku ne na Najeriya. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ya yi boko Faransanci ya karanta, kashfulo ba ta ce masa komai ba. Kullum haka ake yi: a zauna a Kano a yanke, a ce Daidaitacciyar Hausa ce, mu kuma mu bi. Ko harafin ƴ da muke rubutawa, yawancin manhajoji 'y kawai suka sani.

'Yar Kwari: Ɗan'uwa, ba wanda ya ce Kano ce kaɗai Hausa. Da yawa daga masu sari a Kantin Kwari baƙi ne, har da mutanenku, kuma muna fahimtar juna sarai.

Ɗan Maraɗi: Muna fahimtar juna har sai an zo ƙirga. Jaka a wurinku ₦200 ce tun daga zamanin fam ɗari, jika a wurinmu sefa 1000 ce, dala kuma sefa 5. Malama, in manhajar za ta ƙetara iyaka, kada a rubuta adadi da kalmomi ko kaɗan, a bar shi da lambobi da alamar kuɗin ƙasar. Kuma mu tazara muke sawa tsakanin dubbai, 500 000, waƙafi kuwa na ɓangaren ƙasa da ɗaya ne.

Injiniya: Na janye kashfulo. Tunda an taɓo haruffa, Malama, ki gaya wa masu ginin manhajar abu uku. Na ɗaya, akwatin bincike: yawancin mutane "kudi" za su buga, ba "kuɗi" ba, domin allon wayarsu ba shi da ƙugiya. Dabarar da ke cire alamar kan é ta mayar da shi e ba ta aiki a kan ɗ, ƙ, ɓ da ƴ, saboda a Unicode, tsarin da na'ura ke gane haruffa da shi, haruffa ne masu zaman kansu. Sai an rubuta ɗan jadawali da hannu: ɗ zuwa d, ƙ zuwa k, ɓ zuwa b, ƴ da 'y zuwa y, manya da ƙanana, a yi amfani da shi wajen bincike kawai, rubutun da ke fuska ya zauna da ƙugiyarsa. Na biyu, a gwada font ɗin, wato salon haruffan, a tsohuwar waya, in ba shi da ɗ ƙaramin akwati zai fito a tsakiyar kalma. Na uku, in ana tura taƙaitaccen lissafi ta SMS: saƙo ɗaya harafi 160 ne, amma da zarar ɗ guda ko alamar ₦ ta shiga, sai ya koma 70, a caje su kuɗin saƙo biyu ko uku. Can a rubuta N da kudi, ba laifi.

Akanta: Mu dawo kan kalma. Ku saurari yadda mai shago ke faɗa in ya zauna lissafi da dare: nawa ya shigo, nawa ya fita. Kan shafi a sa "Shiga da fitar kuɗi". Maɓalli a sa "Shiga da fita", harafi 13. Layin ƙarshe, in abin da ya shigo ya fi, a rubuta "rara", in wanda ya fita ya fi, a rubuta "giɓi". Duka biyun an saba jin su a labaran kasafin kuɗi. Kada a taɓa sa riba ko asara a wannan layin, nan ne mutane ke ruɗewa. Ƙarƙashin kan shafin a ƙara layi ɗaya: "tsabar kuɗi da na banki, ban da bashin da ba a biya ba". Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki mai yawa ya koma taransfa, in aka ce tsaba kaɗai za a bar rabin lissafi a waje.

Abu ɗaya kuma da nake roƙo a ƙara a jerin fita: kuɗin da mai shago ya ɗiba don kansa. Cefane, kuɗin makarantar yara, zubin adashi, gudummawar biki. Ba kuɗin tafiyar da shago ba ne, don haka ba sa rage riba a takarda, amma suna rage abin da ke aljihun tebur. ₦3,000 kullum ₦90,000 ne a wata. A misalin da na kawo, wannan ya cinye ribar ₦70,000 ya taɓa uwar kuɗi da ₦20,000, kuma yawancin jarin da ke karyewa ta nan yake farawa, domin ba a rubuta shi.

'Yar Kwari: Wannan a kira shi "ɗiban mai shago". Kowa zai gane.

Malam Nahawu: Shiga da fitar kuɗi ba kuskure ba ne a nahawu, wannan na yarda. Amma har yanzu bayani ne. Ranar da za a rubuta littafin koyar da akanta da Hausa, a ce "hasashen shiga da fitar kuɗi na wata shida" sau hamsin a babi guda, za a dawo neman kalma ɗaya. A manhaja ku sa abin da kuka ga dama. A rubuce-rubucena magudana zan ci gaba da sawa.

Ɗan Maraɗi: Ni na amince, muddin binciken ya gane "kuɗɗi" ma, don haka da yawa daga cikinmu ke faɗa kuma haka za su buga.

Maifassara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗauki shiga da fitar kuɗi, da rara da giɓi, da ɗiban mai shago. Na tura wa masu ginin maganar bincike da ta SMS, sun ce binciken za su gyara yanzu, SMS sai sabuntawa ta gaba. Saura guda kafin Litinin: "working capital". Na rubuta jarin juyawa. Malam Akanta, ya zauna ko a sake?